Darasin Kwangila: Yadda Mawaƙan Stone Roses Suka Ci Shari'a Kasuwa Ta Wuce Su

A cikin watan Mayu na shekarar 1991 ne Babbar Kotun Ingila da ke zama a birnin Landan ta yanke hukunci a kan ƙarar da kamfanin buga faya-fayai na Silvertone ya shigar da wasu mawaƙa huɗu 'yan birnin Manchester, waɗanda aka sani da suna The Stone Roses. Mai shari'a Humphries ya bayyana cewa kwangilar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ta dabaibaye sana'ar mawaƙan fiye da kima, saboda haka kotu ba za ta tilasta musu cika ta ba. A ranar kowa ya ɗauka cewa mawaƙan sun tsallake siraɗi. Amma sai da aka ƙara shekara uku da rabi kafin sabon faifansu ya shiga kasuwa, kuma kafin shekarar 1996 ta ƙare ƙungiyar ta watse. Kamfanin da ya sha kaye a kotu kuwa ya ci gaba da cin ribar hajarsu shekara da shekaru.

Wannan shari'a tana cikin waɗanda lauyoyin harkar waƙa a Birtaniya ke kafa hujja da su, kuma amfaninta bai tsaya ga makaɗa da mawaƙa ba. Duk wanda ya taɓa sa hannu a takardar da ta ce ba zai sayar wa kowa ba sai mutum ɗaya, ko ba zai saya daga kowa ba sai kamfani ɗaya, akwai abin da ya shafe shi a cikinta.

Asalin lamarin

An kafa ƙungiyar a shekarar 1983. Waɗanda suka yi suna da ita su ne Ian Brown mai rera waƙa, da John Squire mai kaɗa jita, da Gary Mounfield wanda ake kira Mani mai jita mai kaurin amo, da Alan Wren wanda ake kira Reni mai ganguna. Kiɗansu shi ne na rok, irin wanda a Birtaniya ake dangantawa da ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, wato waɗanda ba sa bi ta hannun manyan kamfanoni kamar EMI da CBS da Warner wajen rarraba hajarsu a kantuna. Shekara biyar suka yi suna yawon ƙananan gidajen rawa ba tare da wani kuɗin kirki ba. A 1987 sun fitar da wata waƙa mai suna Sally Cinnamon ta hannun kamfanin FM Revolver na garin Wolverhampton, amma ba ta yi kasuwa ba.

A 1988 kamfanoni biyu suka nuna sha'awa. Na farko shi ne Rough Trade na Landan, wanda ya yi suna wajen raba riba biyu tsakaninsa da mawaƙa, har ma ya biya kuɗin naɗar waƙarsu Elephant Stone. Na biyu shi ne rukunin Zomba na Clive Calder, ɗan asalin Afirka ta Kudu, wanda ke da kamfanin Jive kuma ya buɗe sabon reshe mai suna Silvertone a ƙarƙashin Andrew Lauder. Manajan ƙungiyar, Gareth Evans, mai gidan rawa ne a Manchester. Daga ƙarshe Zomba aka zaɓa, aka sa hannu a kan takarda biyu: ɗaya ta naɗar faya-fayai, ɗaya kuma ta haƙƙin waƙoƙin da suka tsara.

Kundin waƙoƙinsu na farko, mai ɗauke da sunan ƙungiyar, ya fito a watan Mayu 1989, kuma John Leckie ne ya shugabanci naɗarsa. Da farko bai girgiza kasuwa ba, domin a mataki na 32 ya shiga jerin faya-fayan da suka fi ciniki a Birtaniya. Baki ne ya sayar da shi, wannan ya gaya wa wancan. Kafin ƙarshen shekarar waƙarsu Fools Gold ta hau mataki na 8, sannan a ranar 27 ga Mayu 1990 kimanin mutum 27,000 suka taru don kallonsu a wani fili da ake kira Spike Island a garin Widnes, a tsakiyar masana'antun sinadarai. A watan Yuli waƙarsu One Love ta kai mataki na 4. A wannan lokacin babu wata sabuwar ƙungiya a Ingila da manyan kamfanonin Amurka ke kwaɗayinta kamar su, ga shi kuma ko sau ɗaya ba su taɓa yin wasa a Amurka ba. Sai a nan ne suka koma suka karanta abin da suka sa wa hannu.

Abin da takardar ta ƙunsa

Domin a fahimci rigimar, wajibi ne a san yadda irin wannan kwangila ke aiki. Kamfani yakan ba mawaƙi kuɗin kafin alƙalami, ya kuma biya kuɗin ɗakin naɗar sauti. Mawaƙi da yawa kan ɗauki kuɗin nan a matsayin ladan aikinsa, alhali bashi ne da za a zare daga kason da ya kamata ya samu a kan kowane faifai da aka sayar. A ɗauka, don misali kawai, cewa kafin alƙalami da kuɗin naɗa sun tashi fam 100,000, kason mawaƙi kuma fam 1 ne a kowane faifai. Sai an sayar da faifai 100,000 kafin mawaƙin ya ƙara ganin ko sisi, alhali a wannan lokacin kamfani ya daɗe da mayar da uwar kuɗinsa daga nasa kason, wanda ya fi girma. Bayan an gama biyan bashin kuma, uwar kaset, wato asalin naɗin da ake kwafar sauran daga gare shi, tana nan a matsayin mallakar kamfani. Lamarin ya yi kama da na direban da ya gama biyan kuɗin mota daga balas ɗin da yake kawowa kullum, amma takardun motar na nan da sunan maigida.

Wannan tsari shi ne ruwan dare a harkar, kuma shi kaɗai ba ya rushe kwangila. Abin da ya ja hankalin kotu a takardar Silvertone shi ne yadda nauyin duka ya koma gefe ɗaya. Kamfanin na da zaɓin sabunta kwangilar daki-daki har ta kai shekara bakwai, mawaƙan kuwa ba su da ƙofar fita. A duk tsawon wannan lokaci ba su da ikon naɗar waƙa ga wani. Mafi muni kuma, babu wani sharaɗi da ya wajabta wa kamfanin fitar da abin da suka naɗa. Yana iya karɓar kaset ya kulle a akwati, su kuma su zauna. Jaridun lokacin sun yi ta raha da wani layi da ya ce yankin da kwangilar ta shafa shi ne duniya da sauran duniyoyin da ke kewaya rana, amma wannan ado ne kawai. Illar tana cikin haɗuwar abu biyu: an hana ka sayar wa wani, wanda ya hana ka kuma ba dole ne ya fitar da kayanka ba.

Kotu ta kuma duba yanayin da aka ƙulla yarjejeniyar. A gefe ɗaya akwai kamfani mai ƙwararrun lauyoyi da suka saba da irin wannan takarda, a ɗaya gefen kuma matasa marasa kuɗi, waɗanda shawarar lauya da suka samu ba ta fito daga wanda ya goge a harkar waƙa ba.

Tun kafin wannan rigima ta kai kotu mawaƙan sun riga sun ɗanɗani sakamakon sakin haƙƙi da arha. Da sunansu ya ɗaukaka, kamfanin FM Revolver ya sake fitar da Sally Cinnamon tare da hoton bidiyo da ba su amince da shi ba. A watan Janairu 1990 suka tafi ofishin kamfanin da gwangwanayen fenti, suka watsa wa shugabansa Paul Birch da ofishin da motoci. Kotu ta ci tarar kowannensu fam 3,000, waƙar kuma ta ci gaba da zama a hannun kamfanin.

Umurnin hani da shari'a

A watan Satumba 1990, da Silvertone ya ga take-taken mawaƙan na komawa wani gida, sai ya samo umurnin kotu na wucin gadi da ya hana su naɗar waƙa ga kowane kamfani har sai an yanke hukunci. Irin wannan umurni shi ne makami mafi kaifi a rigimar kasuwanci, domin yana fara aiki tun kafin a san mai gaskiya. Kamfani na da sauran hajoji da zai ci gaba da sayarwa yayin da ake ta ɗage zama. Mawaƙi kuwa hajarsa ɗaya ce tak. An fara sauraren ƙarar a watan Maris 1991, kuma kamfanin Geffen na Amurka, wanda ke jiran ya ɗauke su, shi ne ya tsaya musu da kuɗin lauyoyi. Ba don wannan ba, da wuya su iya kai shari'ar ƙarshe, kuma wannan ma abin lura ne: 'yancin da suka samu daga kamfani ɗaya, aljihun wani kamfani ne ya saye shi.

Ƙa'idar da suka dogara da ita tsohuwa ce a dokar gargajiya ta Ingila. Duk yarjejeniyar da ta hana mutum gudanar da sana'arsa, kotu na ɗaukarta ɓatacciya, sai dai idan wanda ya amfana da ita ya nuna cewa hanin bai wuce abin da ake bukata don kare halaltaccen muradinsa ba. Ƙa'idar ta shafi kowace irin sana'a. A 1967 alƙalan Majalisar Dattawan Ingila, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, sun duba yarjejeniyar da kamfanin mai na Esso ya ƙulla da wani mai gidajen mai biyu da ake kira Harper's Garage, cewa man Esso kaɗai zai riƙa sayarwa. Sun amince da ta gida ɗaya mai tsawon shekara huɗu da wata biyar, suka yi watsi da ta ɗaya gidan mai tsawon shekara 21. A 1974 suka yi amfani da wannan ma'auni a shari'ar mai tsara waƙoƙi Tony Macaulay da kamfanin Schroeder, wanda ya ɗaure shi na shekara biyar da za su iya zama goma ba tare da alkawarin buga ko waƙa ɗaya ba. A 1988 kuma mawaƙi Holly Johnson ya kuɓuta daga kamfanin ZTT ta wannan hanya, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a shekarar da ta biyo baya. Saboda haka sa'ad da Mai shari'a Humphries ya zauna a kan ƙarar Silvertone, turba a share take. Ya soke ƙarfin takardun biyu, ta naɗa da ta haƙƙin waƙoƙi.

Kada dai mai karatu ya ɗauka cewa duk mawaƙin da ya kai kuka kotu zai yi nasara. A 1994 George Michael ya gwada wannan hujja a kan kamfanin Sony ya sha kaye, domin kotu ta ga cewa ƙwararrun lauyoyi ne suka tsaya masa sa'ad da aka sake tsara kwangilarsa a 1988, an kuma biya shi maƙudan kuɗi. Kotu na tallafa wa wanda aka ci da rashin sani da rashin ƙarfi. Wanda ya shiga da idonsa biyu, takan bar shi da abin da ya zaɓa.

Da yake Nijeriya ta gaji dokar gargajiya ta Ingila, kotunan ƙasar nan ma suna aiki da wannan ƙa'ida, kuma an ga makamanciyar rigimar a Legas a 2013, sa'ad da kamfanin Chocolate City ya samo umurnin hani a kan mawaƙi Brymo, wanda ba a ɗage shi ba sai a 2014. Haka nan dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, tun daga ta 1988 har zuwa ta 2022, ta tanadi cewa ba a miƙa haƙƙin mallaka sai a rubuce. Ke nan takardar ita ce komai.

Hujjar kamfani

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Kamfanin faya-fayai yakan zuba jari a kan mawaƙa da yawa, mafi yawansu kuma ba sa mayar da ko kuɗin da aka kashe musu. 'Yan ƙalilan da suka yi kasuwa su ne ke ɗauke da asarar sauran. Idan kowane mawaƙi zai tattara kayansa ya tafi ranar da sunansa ya fito, babu mai hankalin da zai sa kuɗinsa a kan wanda ba a sani ba. Silvertone ne ya biya John Leckie da ɗakin naɗa a lokacin da Stone Roses ba su da kowa.

Birnin Manchester kansa ya ba da misalin abin da ke faruwa ga kamfanin da bai riƙe komai ba. Kamfanin Factory na Tony Wilson, gidan ƙungiyoyin New Order da Happy Mondays, ya yi alfahari da cewa mawaƙansa ne ke da mallakar waƙoƙinsu. Da bashi ya yi masa katutu a 1992, kamfanin London Records ya zo da niyyar sayensa, amma cinikin ya wargaje da aka gano cewa faya-fayan da suka fi daraja ba na Factory ba ne. A watan Nuwamba na shekarar kamfanin ya durƙushe. Kuskuren Silvertone shi ne zarce gona da iri: da ya taƙaita wa'adin, ya kuma ɗaure kansa da alkawarin fitar da faifai cikin lokaci ƙayyadadde ko ya saki mawaƙan, da wuya kotu ta taɓa takardar. Ya nemi ya riƙe komai, sai ya rasa kundi na biyu da duk abin da zai biyo bayansa.

Bayan nasara

Mawaƙan sun sa hannu da Geffen a kan kafin alƙalami da aka ruwaito ya kai aƙalla fam miliyan 1. Silvertone ya ba da sanarwar ɗaukaka ƙara, abin da ya ƙara jefa aikin cikin rashin tabbas. A farkon 1992 suka sallami manajansu Gareth Evans, shi ma ya kai su kotu, ba a sasanta ba sai a 1995. Suka zauna tsawon lokaci babu tsayayyen manaja, ga kuɗi a hannu, babu mai tsawata musu. Gaskiyar magana ita ce shari'a ba ta isa ta ɗauki laifin jinkirin duka ba. Watanni takwas ne tsakanin umurnin hani da hukunci. Sauran shekarun sun tafi ne a rashin shugabanci da sanyin jiki da saɓani tsakanin abokan aiki. Amma hanin ne ya tsinke igiyar a daidai lokacin da take da ƙarfi, ƙungiyar da ta saba aiki kullum ta koyi zama. John Leckie ya gaji ya ajiye aikin a 1993, aka ƙarasa da Simon Dawson a ɗakin naɗa na Rockfield da ke yankin Wales, inda suka shafe fiye da shekara guda.

Kasuwa kuwa ba ta jira ba. A 1991 kundin Nevermind na ƙungiyar Nirvana, wanda wani reshen Geffen ɗin ne ma ya fitar da shi, ya karkatar da kunnen matasan Amurka zuwa wani salo dabam. A gida kuma Blur ta fitar da Parklife a watan Afrilu 1994, sannan a watan Agusta wasu matasa 'yan Manchester, ƙungiyar Oasis, waɗanda ba sa ɓoye cewa Stone Roses ce ta zaburar da su, suka fitar da kundinsu na farko, wanda ya hau mataki na ɗaya. Rumfar da aka bari babu kowa, wasu sun shiga sun baje kolinsu.

Kundi na biyu, Second Coming, ya fito ranar 5 ga Disamba 1994, shekara biyar da rabi bayan na farko. Ya kai mataki na 4, waƙar Love Spreads kuma ta kai na 2. Ga wata ƙungiya wannan nasara ce, amma bai kai abin da aka zuba da abin da aka sa rai ba, kuma ra'ayin masu sharhi ya rabu a kansa. Daga wasan da suka yi a Glasgow a watan Yuni 1990 ba su sake hawa dandamali ba sai a watan Afrilu 1995, kuma kafin nan Reni ya fice. Squire ya karye a ƙashin wuya a haɗarin keke, aka soke fitowarsu a bikin Glastonbury na 1995, ƙungiyar Pulp ta maye gurbinsu ta kuma ci moriyar damar. Shi ma Squire ya tafi a watan Afrilu 1996, a watan Oktoba aka rufe shago.

Wanda ya riƙe uwar kaset

Akwai wani ɓangare na hukuncin 1991 da murnar ranar ta rufe. Idan kotu ta ce kwangila ta tauye sana'a, abin da take warwarewa shi ne sauran alkawarin da ba a cika ba tukuna. Abin da aka riga aka miƙa ba ya dawowa. Saboda haka kundin farko da waƙoƙin da aka naɗa tsakanin 1988 da 1990 suka ci gaba da zama a hannun Silvertone, shi kuwa bai yi sanya ba. A cikin shekarun da mawaƙan suka yi shiru ya riƙa ciro waƙoƙi daga tsohon kundin yana sayar da su ɗai-ɗai, ya haɗa tarin Turns Into Stone a 1992, ya kuma fitar da The Complete Stone Roses a 1995, a daidai lokacin da kuɗin tallan Geffen ya sake dawo da sunan ƙungiyar bakin jama'a. Wato tsohon kamfani ya yi girbi a gonar da sabon kamfani ya yi wa ban-ruwa.

Abin da ya rage a hannun mawaƙan shi ne sunansu da jikinsu, kuma waɗannan sun biya su daga baya. Da suka sanar da sake haɗuwa a watan Oktoba 2011, an sayar da tikiti kimanin 220,000 na wasanni uku a filin Heaton Park na Manchester cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci. Sun yi wasansu na ƙarshe a Glasgow a watan Yuni 2017, ba tare da sun fitar da kundi na uku ba.

Uwar kaset kuwa ta bi hanyar da dukiyar kamfani kan bi. A 2002 kamfanin BMG na Jamus ya kammala sayen rukunin Zomba a kan kimanin dala miliyan 2,700, galibi saboda mawaƙan Jive irin su Britney Spears da Backstreet Boys, kundin Stone Roses kuma yana cikin kayan da aka ɗaura a cinikin. BMG ya haɗe da Sony a 2004, Sony ya mallake duka a 2008. A 2009, da kundin ya cika shekara 20, aka sake buga shi ya hau mataki na 5, matsayin da bai taɓa kaiwa ba a zamanin da mawaƙan ke ganiyarsu. A 2013 kuma Birtaniya ta tsawaita wa'adin haƙƙin mallakar sautin da aka naɗa daga shekara 50 zuwa 70, abin da ke nufin haƙƙin kundin 1989 ba zai ƙare ba sai ƙarshen shekarar 2059.